Tubalan Wasa na Roba: Inda Ingancinsu Yake Ɓuya

Tubalan wasa na roba, waɗanda yara da manya suke harhaɗawa su tayar da gida ko mota ko jirgin sama, sun daɗe suna amsa sunan kamfani guda, wato LEGO na ƙasar Denmak, har ta kai mutane da yawa suna kiran duk wani tubali mai ƙullutai a kansa da wannan suna ko da kuwa wani ne dabam ya ƙera shi. Sai dai kasuwar ta canza ƙwarai, domin a yau akwai kamfanoni a Kanada da Poland da Koriya ta Kudu da Jamus, ga kuma ɗimbin masana'antu a ƙasar Sin, da suke sayar da tubalan da ke hawa kan na LEGO daram, kuma galibi a farashin da bai kai nasa ba. Mai saye da ya tarar da kwalaye biyu, kowanne da hoton gini mai ɗaukar ido amma ɗaya ya ninka ɗaya a kuɗi, dole ya tambayi kansa ko sunan kamfani kawai ake caji ko kuwa akwai bambanci na gaske a cikin kwalin. Bambancin yana nan, kuma yana ɓuya ne a cikin ma'aunai ƙanana da ido ba ya iya rabewa, da irin robar da aka narka, da kuma iyawar masana'anta ta fitar da tubali na miliyan ɗaya daidai da wanda ta fitar da farko.

Tarihin tubalin ya nuna cewa maganar wanda ya fara da wanda ya kwaikwaya ba ta yankuwa da sauƙi. Wani ɗan Ingila mai suna Hilary Fisher Page, mai kamfanin Kiddicraft, ya riga LEGO fitar da tubalan roba masu ƙullutai a sama tun a shekarun 1940, kuma a kan samfurinsa ne Ole Kirk Christiansen, mai kamfanin LEGO, kafintan da ya fara sana'ar kayan wasa na katako a garin Billund a 1932, ya ɗora tubalansa na farko a 1949, bayan ya samu injin zubin roba a 1947. Waɗancan tubalai na farko cikinsu fayau yake, babu abin da ke kama ƙullutun tubalin ƙasa sai bangon gefe, don haka ginin da aka yi da su yakan wargaje da zarar an ɗaga shi. Gyaran da ya sauya komai ya zo ne ranar 28 ga Janairu 1958, lokacin da ɗansa Godtfred Kirk Christiansen ya nemi takardar haƙƙin ƙirƙira, wato shaidar hukuma da ke hana wasu amfani da sabuwar dabara na wani adadin shekaru, a kan wasu bututai da aka kafa a cikin tubalin ta ƙasa. Sai a 1981 kamfanin LEGO ya sayi haƙƙin samfurin Kiddicraft ɗin, shekaru da dama bayan rasuwar Page.

Aikin waɗannan bututai shi ne ginshiƙin duk wata magana ta inganci. Tubalin da aka fi sani yana da ƙullutai takwas a sama da bututai uku a ƙasa, kuma idan aka danna shi a kan wani, kowane ƙullutu yakan matse ne tsakanin bangon tubali da jikin bututu, robar ta ɗan buɗa kaɗan sannan ta damƙe shi. Wannan damƙa ita masu harkar suke kira ƙarfin riƙo, kuma ana son ta tsaya a tsaka-tsaki, ta riƙe ginin idan yaro ya ɗauke shi ya yi gudu, amma ta saki idan yatsun yaron suka nemi rabawa. Tsakanin tsakiyar ƙullutu ɗaya da na kusa da shi milimita 8 ne, faɗin ƙullutun kansa milimita 4.8, tsayin tubali kuma ban da ƙullutun milimita 9.6, yayin da siririn tubalin da ake kira faranti yake da sulusin wannan tsayi, wato milimita 3.2, ta yadda faranti uku a ɗore suke daidai da tubali ɗaya. An kuma rage wa kowane tubali kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita a kowane gefe domin maƙwabta biyu su zauna kusa da juna ba tare da sun ture juna ba, shi ya sa tsawon mai ƙullutai takwas yake milimita 31.8 maimakon 32. Maginin da ke aiki da bulon siminti yana da mafita idan bulo ya zo a karkace ko ya gaza, domin kwaɓin da yake shimfiɗawa tsakanin sahu da sahu yana shanye kuskuren, amma tubalin wasa ba shi da kwaɓi, duk kuskuren da ke jikinsa yana tafiya da shi zuwa sahu na gaba.

A nan ne ƙaramin kuskure yake girma. Idan tubalan wani kamfani sun ɗara ma'auni da kashi biyar cikin ɗari na milimita, abin da babu wanda zai gani a tubali ɗaya, to bangon da aka ɗora tubali 40 zai fi wanda aka yi da tubalai masu daidai tsayi da milimita biyu, kuma rufin da ya kamata ya haɗa bangayen biyu ba zai zauna ba sai an tilasta masa. Saboda haka mafi tsadar abin da ke cikin masana'antar tubali shi ne mazubi, wato ƙarfen da aka sassaƙa siffar tubalin a cikinsa, wanda ake tura narkakkiyar roba a ciki da ƙarfin gaske bayan an zafafa ta zuwa kimanin digiri 230 a ma'aunin Salshiyos. Kamfanin LEGO ya daɗe yana cewa ratar kuskuren mazubansa ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, kuma tubali 18 ne kacal cikin kowane miliyan suke gaza cika sharaɗinsa. Waɗannan alƙaluma daga bakin kamfanin suka fito, amma abin da kowa zai iya gwadawa da hannunsa shi ne cewa tubalin da aka ƙera shekaru 50 da suka wuce yana hawa kan wanda aka ƙera bana. Wahalar aikin ta ƙaru da cewa roba tana tsukewa idan ta huce, da kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari, don haka dole a sassaƙa mazubin ya ɗan fi tubalin girma, a kuma tsare zafin robar da lokacin hucewarta kada su sauya daga zubi zuwa zubi.

Masana'antar da take son rage kuɗi tana da hanyoyi sanannu, kuma kowace hanya tana barin shaidarta a jikin tubalin. Idan aka ci gaba da aiki da mazubin da ya cinye, roba takan tsiyayo ta bakin haɗinsa ta bar siririn baki mai kaifi a gefen tubali, ƙullutan kuma su riƙa fitowa da ɗan bambancin kauri. Idan aka gaggauta fitar da tubali kafin ya gama hucewa domin inji ya yi zubi da yawa a awa guda, fuskarsa takan lotsa a wuraren da roba ta fi kauri, manyan farantai kuma su tanƙware su ƙi kwanciya a kan tebur. Hatta ɗan tabon da ke nuna inda roba ta shiga mazubin yana da labari, domin kamfanin da ya damu yakan ɓoye shi a saman ƙullutu ko a wani lungu, yayin da wanda bai damu ba yakan bar shi fari fat a gefen da kowa zai gani.

Robar kanta ita ce rabin aikin. Har zuwa 1963 LEGO yana amfani ne da wata roba da ake samu daga sinadarin jikin tsirrai, wadda take tanƙwarewa tana koɗewa da daɗewa, sannan ya koma ga wadda ake kira ABS, haɗin sinadarai uku da kowanne yake da aikinsa: akirilonitiril yana ba ta tauri da juriyar zafi, butadin yana ba ta ɗan danƙo da ke hana ta tsagewa idan ta faɗi, sitirin kuma yana ba ta sheƙi da sauƙin zubi. Ƙarfinta ba ƙarami ba ne, domin a wani gwaji da aka yi a jami'ar Open University ta Ingila a 2012, tubali mai ƙullutai huɗu ya ɗauki nauyin da ya kai kimanin kilo 432 kafin ya baje, abin da ke nufin sai an ɗora masa tubalai kimanin 375,000 kafin ya gaza. Manyan abokan gasar LEGO duka ABS suke amfani da ita, amma ABS suna ce ta tara, domin akwai sabuwa mai daraja, akwai kuma wadda aka gauraya da tsohuwar robar da aka niƙa aka sake narkawa, wadda danƙonta ya ragu, launinta ya dushe, ta kuma yi gautsi. A can ƙasan kasuwa kuma akwai tubalan da ba ABS ba ne sam, an yi su da roba mai laushi da araha, marasa nauyi a hannu, waɗanda riƙonsu yake mutuwa bayan an haɗa an raba kaɗan. Wahalar samun madadin ABS ta fito fili a 2023, lokacin da LEGO ya dakatar da shirinsa na yin tubali da tsofaffin robobin ruwan sha, shirin da ya sanar a 2021, bayan ya gano cewa gyare-gyaren da sabuwar robar take buƙata a masana'anta ba za su rage hayaƙin da ake fitarwa ba.

Kafin a auna kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, ya kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, wato yin tubali mai hawa kan na LEGO da kuma satar samfurin kayansa. Na farko halal ne a doka, domin babbar takardar haƙƙin ƙirƙira ta 1958 ta ƙare a 1978, kuma duk yunƙurin da kamfanin ya yi na mayar da siffar tubalin tambarin kasuwanci, wanda shi ba ya ƙarewa, ya ci tura: Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci a 2005 a shari'arsa da masu tubalan Mega Bloks, Kotun Tarayyar Turai kuma ta yanke a 2010, dukansu a kan cewa siffar da aikinta shi ne haɗa tubali da tubali ba za ta zama mallakar kamfani ɗaya har abada ba. Abin da ya rage masa shi ne sunansa, da zanen kowane gini da kwalinsa da littafinsa, da kuma ɗan mutum-mutumin nan da ya fito da shi a 1978, wanda wata kotun Turai ta tabbatar masa a 2015 a rikicinsa da kamfanin Best-Lock. Na biyun kuwa jabu ne tsantsa, kuma fitaccen misalinsa shi ne Lepin na ƙasar Sin, wanda ya riƙa kwafe kayan LEGO ɗungurungum har da hoton kwali, har 'yan sandan Shanghai suka kai samame a 2019 suka kama kayan da aka ƙiyasta a kan yuwan miliyan 200, a 2020 kuma aka ɗaure jagoran harkar shekara shida tare da tarar yuwan miliyan 90. Abin lura, wanda bai yi wa kowa daɗin ji ba, shi ne cewa tubalan Lepin ba su ne mafiya muni a kasuwa ba, kuma hakan ya nuna cewa halascin kamfani da ingancin robarsa tambayoyi ne guda biyu da kowacce take buƙatar amsarta.

A cikin masu yin tubali bisa doka, Mega yana cikin waɗanda suka fi daɗewa a fagen. Kamfanin ya tashi ne a birnin Montreal a 1967 da sunan Ritvik, ya yi suna da manyan tubalai na ƙananan yara a shekarun 1980, sannan a 1991 ya fito da masu girman na LEGO, waɗanda a farkon zuwansu suka yi ƙaurin suna wajen sakin riƙo da dushewar launi. Kamfanin Mattel na Amurka ya saye shi a 2014, kuma tubalansa na yanzu sun yi wa na da nisa, ko da yake ƙarfinsa ya fi bayyana a ƙananan mutum-mutumin da gwiwa da gwiwar hannunsu suke lanƙwasuwa, irin na wasan Halo, fiye da a tubalin kansa. Oxford na Koriya ta Kudu, wanda ya ƙera wa kamfanin Hasbro tubalan Kre-O da suka fito a 2011, ya daɗe yana cikin waɗanda masu sha'awar abin suke gani sun fi kusa da LEGO a riƙo da sheƙi.

Cobi na ƙasar Poland, wanda aka kafa a 1987 kuma yake da masana'antarsa a garin Mielec, ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin ya zaɓi fagen da LEGO ya ƙaurace masa da gangan, wato tankokin yaƙi da jiragen yaƙi na gaske, waɗanda kamfanin na Denmak ya ɗauki manufar ƙin yi. Abin da aka fi yaba masa shi ne yana buga rubutu da zane kai tsaye a jikin tubali, maimakon sitikar da mai gini zai liƙa da hannunsa, wadda sau da yawa take zama a karkace kuma idan ta daɗe ta fara ɗagowa daga gefe. Riƙon tubalansa ya fi na LEGO tsauri, kuma wannan ya dace da samfurin da za a gina sau ɗaya a ajiye a kanta don kallo, amma yana gajiyar da yatsu, ga shi kuma yawancin ɓangarorinsa siffofi ne na musamman da ba su da amfani sosai idan yaro ya so ya rushe tankar ya gina wani abu dabam. Wannan ya isa ya gyara wani kuskure da ya yaɗu, cewa tubalin da ya fi matsewa shi ya fi kyau: tubalin da ya matse fiye da ƙima yana tilasta wa robar ɗan'uwansa buɗewa har ta yi farin tabo ko ta tsage, kuma yana sa yaro ya kai shi baki ya raba da haƙori, abin da yake ɓata tubalin da haƙorin gaba ɗaya.

Mafi yawan tubalan ƙasar Sin suna fitowa ne daga gundumar Chenghai ta birnin Shantou a lardin Guangdong, cibiyar kayan wasa ta ƙasar, inda kamfanoni irin su Sluban da Wange da BanBao da CaDA da Mould King suke. Yanke wa waɗannan hukunci a dunƙule zalunci ne, domin tazarar da ke tsakanin na samansu da na ƙasansu ta fi wadda ke tsakanin na samansu da LEGO. Wasu ma ba sa zubin tubalinsu da kansu, suna saye ne daga masana'antun da suka ƙware a kan zubi kaɗai, irin su Gobricks, waɗanda tubalansu na yau da kullum suke da wuyar rabewa da na LEGO idan aka rufe sunan da ke kan ƙullutu, kuma haka ne ya sa kamfani irin BlueBrixx na Jamus yake iya zana samfurinsa a gida ya sa a haɗa masa tubalan a Sin. Rauninsu ya fi fitowa a ɓangarori masu wuyar yi: gilasan taga da na mota sukan zo da ƙarzuwa saboda an zuba su jaka ɗaya da sauran tubalai, hannun ɗan mutum-mutumi yakan yi sako-sako ko ya tsage, ƙananan turakun da ke haɗa sanduna a motoci masu giya kuma sukan yi tsauri har ƙafar da ya kamata ta juya ta ƙi juyawa. Sai kuma babbar matsalar rashin tsayawa a kan hali ɗaya, domin kwali biyu na kamfani guda suna iya bambanta idan an sayo tubalansu daga masana'antu dabam-dabam, kuma wannan ne ya sa yabon da wani ya yi wa kayan da ya saya bara ba ya zama lamuni ga wanda zai saya bana.

LEGO ma ba a wanke yake tas ba, kuma adalci ya buƙaci a faɗi haka. Tubalansa masu ruwan ƙasa mai ja-ja da aka yi a shekarun 2010 sun yi gautsi har suna karyewa a hannu, matsalar da kamfanin ya amsa ya kuma ce ya gyara, haka nan gaɓoɓin kayan wasansa na Bionicle masu launin kore mai haske na 2007 sun shahara da tsagewa. Masu gina manyan kaya sun daɗe suna kukan cewa launi ɗaya yakan zo iri biyu a cikin kwali guda, ta yadda bango mai ruwan toka ko ja mai duhu yake fitowa dabbare-dabbare, ga kuma yawan sitika a kayan da aka biya kuɗi mai yawa a kansu. Zaton cewa duk tubalin LEGO a Turai ake yin sa shi ma ba daidai ba ne, domin ban da Denmak da Hungari da Jamhuriyar Cek, kamfanin yana da masana'antu a Meziko da Biyetnam da kuma garin Jiaxing na ƙasar Sin. Wani kaso na tsadarsa kuɗin lasisi ne na finafinai irin su Star Wars, wanda ya fara yi wa kaya a 1999, kuma wannan kaso ba ya ƙara wa tubalin komai.

Akwai kuma wani kason na tsadar da yake sayen abu na gaske wanda ba a gani a tubali ɗaya, wato ingancin zanen ginin da na littafin jagora. Samfuri mai kyau ana gina shi ne a gwada sau da yawa kafin a sayar, a tabbatar babu inda aka tilasta wa tubali zama a wurin da zai gajiyar da robarsa, a raba tubalan cikin jakunkuna masu lamba domin mai gini ya buɗe su mataki-mataki, littafin kuma ya nuna 'yan tubalai kaɗan a kowane shafi da launukan da ba za a ruɗe tsakanin baƙi da ruwan toka mai duhu ba. Kamfanonin da suke ɗaukar zanen masu sha'awa daga intanet, wasu da izini da biyan lada kamar yadda CaDA yake yi da wasu masu zane, wasu kuma an sha zarginsu da ɗauka ba izini, sukan fitar da gini mai kyan gani amma mai rauni, domin an zana shi ne a kwamfuta don kallo, ba don hannun yaro ba. Idan kuma tubali ɗaya ya ɓace a kwali mai ɓangarori dubu biyu, a nan ake gane kamfanin da ke da adireshi da tsarin aiko da madadi, da wanda babu inda za a same shi.

Maganar lafiyar yaro ta fi duk waɗannan nauyi, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. Ƙa'idojin kayan wasa, irin su EN 71 na Turai da ASTM F963 na Amurka, suna amfani da wani ɗan bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, kuma duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukarsa mai iya maƙalewa a maƙogwaron yaron da bai kai shekara uku ba, wanda ke nufin ƙananan tubalai na kowane kamfani, komai ingancinsu, ba na wannan yaro ba ne. Dominsa aka yi manyan tubalai irin Duplo na LEGO, da ya fito a 1969 da ninkin ma'aunin tubalin yau da kullum. Ƙa'idojin suna kuma iyakance dalma da kadmiyom da sauran sinadarai masu guba da kan fito daga launi ko daga robar da aka sake narkawa daga tarkacen kayan lantarki, waɗanda ba a gane su da ido ko da hanci. Alamar CE da ake gani a kwali shela ce da mai kayan yake yi da kansa cewa ya bi ƙa'ida, saboda haka darajarta tana rataye ne da ko akwai kamfani mai suna da adireshi da za a iya kamawa idan shelar ƙarya ce. Tsufa ma yana da nasa haɗarin, domin binciken da Andrew Turner na Jami'ar Plymouth ya fitar a 2018 a kan tsofaffin kayan wasa 200 ya gano kadmiyom mai yawa a wasu tubalai ja da rawaya na shekarun 1970 da 1980, har da na LEGO, waɗanda aka yi kafin a tsaurara doka. Kayan da suke zuwa da ƙananan maganaɗisu ko batirin agogo na kunna fitila suna buƙatar sa ido na musamman, domin haɗiye ɗayansu yana iya yi wa yaro mummunar illa a ciki.

A kasuwannin Najeriya da Nijar, yawancin tubalan da iyaye suke tararwa daga Sin suke, da dama a leda ko bokiti marar sunan kamfani, sai kuma na gwanjo da suke zuwa a gauraye cikin dilar kayan wasa. Hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, SON, tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su Najeriya, kuma kayan wasa suna cikinsa, amma tubalin da aka juye daga kwalinsa ana sayarwa a tsibi ya riga ya rabu da duk wata shaida. Yanayin yankin ma yana da tasiri, domin hasken rana yana lalata butadin ɗin da ke cikin ABS, fari da shuɗi da ruwan toka su koma rawaya-rawaya su yi gautsi, don haka tubalin da ya yi watanni a shanye a teburin ɗan kasuwa ya tsufa tun kafin a saye shi. LEGO da kansa yana ba da shawarar a wanke tubali da hannu a ruwan da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, kuma a shanya shi a inuwa, shawarar da ta shafi tubalin kowane kamfani, musamman bayan ƙurar hunturu ta cika bututansa.

Mai saye da ya samu damar taɓa kayan yana iya gane abubuwa da yawa cikin 'yan mintoci. Zai ɗora tubali goma a kan juna ya kama na sama ya ɗaga, idan na ƙasa suka zube riƙon ya yi sako-sako, idan kuma ya kasa raba faranti biyu da farce to ya yi wa yaro tsauri. Zai jera tubalai masu launi ɗaya a hasken rana ya duba ko launin ya zo ɗaya, ya shafa gefensu ya ji ko akwai kaifi, ya kwantar da babban faranti a kan abu mai shafe ya ga ko kusurwoyinsa huɗu sun taɓa ƙasa, ya kuma guji duk wanda yake tashin warin sinadari ko yake barin maiƙo a yatsa. Sannan zai juya tubalin ya leƙa cikinsa, domin kamfanonin da suke bin diddigin aikinsu sukan sassaƙa ƙananan lambobi a ciki, ɗaya ta nau'in tubalin, wata kuma ta mazubin da ya fito daga ciki, ta yadda idan aka samu matsala za a iya komawa ga ainihin ƙarfen da ya haifar da ita a cire shi daga aiki.